Shekarar da Aka Ce Mu Yi Aure ko Mu Bar Wudil

Jiya ina yi wa wata bazawara kitso a tsakar gidana, kanta a kan cinyata, sai na ji tana ce wa ƙawarta wai in auren gaba ma ya mutu ita ta gama, ɗaki za ta kama ta yi zaman kanta. Wai ai ba wani aiki ba ne, ki yi wanka, ki shafa hoda, ki zauna, kuɗi su zo su same ki. Na ja mata gashi da gangan har sai da ta ce wash. Ban tanka ba a lokacin, don ba na son yin magana da kibiyar kitso a hannu. Amma na san da yawanku haka kuke tunani, don haka bari in faɗa muku. Ni Asabe na yi wannan zama shekara goma sha ɗaya a bayan tashar motar Wudil. Na tuba, ina fatan Allah Ya karɓa, ba kuma alfahari nake yi ba. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne, ni kuwa na shiga.

Aikin farko da aka ba ni a gidan Magajiya Dije shi ne wankin goro. Daga Utai na zo, bayan aurena na biyu ya mutu, da ƙullin kaya a ka, ina zaton a ranar za a nuna mini ɗaki. Sai Magajiya, wadda ita ce uwar gidan kuma shugabar duk matan da ke cikinsa, ta dube ni daga sama har ƙasa ta miƙo mini ƙwarya. Na wanke goro, na ware fari da ja, na yayyafa wa buhun algarara ruwa na lulluɓe shi don kada ya bushe. Washegari ta ba ni ƙwan fitila guda goma sha biyu in goge da toka. Wata uku cur ban karɓi baƙo ba. Shara, wanke kofunan shayi, hura kasko, sannan in zauna a gefen tabarma in ga yadda manya suke hira.

Hirar nan ita ce sana'ar, abin da ku ba ku sani ba ke nan. Sai kin iya karta, kin kuma iya barin mutum ya cinye ki ba tare da ya gane kin bar masa ba ne. Sai kin san farashin sa a kara, wato kasuwar shanu, da halin hanyar Kurmi, can kudu, don dillali da direba ba sa zama da wadda ba ta san abin da ke damunsu ba. Sai kin iya karanta mutum tun daga zaure: wanda ya sha wani abu, wanda ya ɓoye wuƙa a ƙugu, wanda yake tafiya irin ta mai ciwon da bai kamata ki ɗauka ba. Wuƙa a hannun Magajiya ake barinta. Wanda kuma ba ki so, kina da ikon cewa yau ba kya jin daɗi, ya sha shayinsa ya kama gabansa, ba wanda zai ce miki don me.

Kayan aiki kuwa duk a wuyanki suke. Gadon ƙarfe mai rumfa, zanin gado uku don kada a taɓa tarar da mai datti, labule mai kauri, jeren samiru a bango, tiren goro, butar shayi, turaren wuta, da rediyo in kin kai. Ni sai da na shekara biyu kafin na sayi tawa rediyon, na ɗinka mata riga da hannuna.

A ƙarshen wata ukun nan Magajiya ta zaunar da ni ta ba ni dokarta.

"Asabe, abu uku zan gaya miki, ki riƙe su kamar sunan ubanki," in ji ta. "Ba a kiran namiji. Ba a faɗa masa kuɗi. Ba a roƙonsa. Ya zo da ƙafarsa, ya yi sallama, ya yi zarya sau biyu sau uku da ɗan abin hannunsa. Abin da ya ajiye a ƙarƙashin matashi, kada ki duba sai ya fita. Ranar da kika buɗe baki kika ce ba ni, ranar kin zama tumatirin yamma, kowa ya taya yadda ya ga dama."

Na riƙe. Duk gidan ba wadda ta kai ni riƙewa, kuma da ita na yi suna. Ranar Juma'a, ranar kasuwa, dillalan shanu sukan jira a zaure ana cewa Asabe na da baƙo, su ƙi zuwa ɗakin kowa. Da kuɗin fetur suka fara shigowa ƙasa, aka bar fam da sule aka koma naira, sai ga 'yan kwangila da ma'aikata masu agogo a hannu. Ban canza ba. Mai agogo ma sai ya yi zaryarsa.

Akwai wani aiki da nake yi duk bayan kwana goma, shi ne dafa ruwa in zuba gishiri a ciki in juye a babbar tasa. Na Tanko ne. Direban gingimari ne, yana ɗaukar shanu daga kara ya kai Kurmi, ya dawo da goro da manja. Kwana huɗu yana taka ƙarfe, in ya sauko ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Sai ya zauna a bakin gadona ya tsoma su a tasar nan, in haɗa masa shayi ba madara, sukari huɗu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna wajen tsohuwarsa a Achika. Akwatinsa na ƙarfe a ƙarƙashin gadona yake zama, ni nake wanke masa kaya in ninke. Shekara huɗu muna haka. Duk gidan an san Direba na Asabe ne, ni ma a raina na gama sanya shi a lissafin tsufana. A shekara huɗun nan ban taɓa neman ko allura a wajensa ba, kuma ina taƙama da hakan.

Muna cikin shekarun nan sai fari ya zo. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. A gari ga naira tana yawo, amma kwanon hatsi ya gagari talaka, mu ma da muke cin abincin saye muka ji a jikinmu. Daga ƙauyuka mata suka dinga shigowa, zawarawa da waɗanda mazansu suka tafi ci-rani ba su waiwayo ba. Gidan da yake ɗaki goma sha biyu ya koma mace biyu ko uku a ɗaki. A cikinsu Ladi ta zo, daga wajen Darki, bazawara mai haihuwa ɗaya, da zani ɗaya a jikinta da faso a ƙafa.

Magajiya ta ce in riƙe ta in koya mata. Wata biyu tana kwana a ƙasan ɗakina. Ni na koya mata ɗaurin ɗankwali, ni na koya mata zizara kwalli, ni na nuna mata yawan gishirin da ake zubawa a ruwan Direba. Ba wani kyau ne da ita ba, in gaya muku gaskiya. Wushirya ce kawai da dariya mai ƙarfi, sai ƙuruciya, wadda ba a saya a kanti. Karta ta gagare ta, goro ya bushe a hannunta sau biyu. Da na faɗa mata dokar Magajiya sai ta yi dariya.

"Yaya Asabe, ni da yunwa ta koro? In zauna jiran mutum ya yi zarya sau uku, kafin nan ai an kai ni makwanci."

Tana samun ɗaki ta fara tsayawa a bakin zaure. Mota na tsayawa za ki ji muryarta, "Malam, ka iso mana, ga ruwa!" In an tambaye ta nawa, ta faɗa kai tsaye kamar mai sayar da ƙosai. Na raina ta iyakar raini. Amma ina zaune da tiren gorona ina ganin maza suna wuce ƙofata suna shiga tata, don masu sabon kuɗi sauri suke yi, ba su da lokacin karta. Sauran sababbin suka bi sahunta, kowacce tana karya kuɗin 'yar'uwarta. Kafin shekara ta zagayo, har ni an fara ɗaga mini labule a ce, "Nawa ne?" Na ji haushinta, na ji kishinta, ba zan ɓoye ba. Ta sayi rediyo a wata biyar, wadda ta fi tawa girma.

Damina ta biyu ma ruwa ya ƙi sauka. Aka fita roƙon ruwa har sau uku, sama ta yi fes. A irin wannan lokaci, kun sani, mu ake fara tunawa. Aka ce zunubin gidajen bayan tasha ne ya riƙe ruwa. Doka ta farko ta fito: duk macen da aka gani a bakin ƙofa ko a tasha tana kiran maza, a kama ta a kai gaban alƙali. Ranar na yi murna har na raba goro. Na ce to, yau ga ranar masu aji ta dawo.

Ashe ni dokar ta fi kashewa. Masu kaki suka fara sintiri a layinmu, ba mai mutuncin da zai yarda ya baje a ɗaki awa uku yana shan shayi, takalminsa a ƙofa kowa na gani. Wanda zai zo sai ya shigo a gurguje ya fita a gurguje, wannan kuwa kasuwar Ladi ce. Da aka hana ta tsayawa a ƙofa, sai kawalai suka tsaya mata, su kawo mutum daga tasha su cire rabonsu. Ita ta rage samu, ni na rasa gaba ɗaya. In ban da Tanko, da na sayar da samiruna tun a lokacin.

Ba a yi wata guda ba mai shela ya zagayo da doka ta biyu. Duk macen da ba ta da aure a gidajen nan an ba ta kwana bakwai, ko ta yi aure ko ta bar gari. Ni ina zan je? Utai ba ni da fuskar komawa, birni kuwa ban san kowa ba, ga shekaru sun fara ja. Ɗakin nan da mutumin nan su ne duk abin da na tara.

Ba ku taɓa ganin ɗaurin aure irin na makon nan ba. Mata suna bin tsofaffi da leburori, su ba mutum sadaki daga aljihunsu ya je ya biya, a ɗaura, da sharaɗin in ƙura ta lafa ya sallame su. Ni ban nemi kowa ba. Na san Tanko na hanya.

Rana ta uku da la'asar ya iso. Na dafa ruwa, na zuba gishiri, ya tsoma ƙafa. Muka gaisa, ya hanya, ya gajiya, ya aka baro mutanen Kurmi. Ya kurɓi shayi.

"Na ji shela tun daga tasha," in ji shi.

"Haka muka ji, Direba."

"To me kika yanke?"

Maganar tana bakina. Kalma nawa ce? Amma shekara takwas ina haɗiye irinta, har maƙogwarona ya saba. Na gyara zaman tiren goro na ce, "Allah ba Ya hana bawansa wurin zama."

"Haka ne," in ji shi. Ya dubi ƙafafunsa a cikin ruwa.

Kwana uku ya yi bai ɗauki lodi ba, abin da bai taɓa yi ba. Kullum ya zo ya zauna, kullum in yi masa hirar farashin shanu. A raina ina cewa shi ne namiji, shi zai furta, ni ba tumatirin yamma ba ce. Rana ta biyar Magajiya da kanta ta kira ni ɗakinta, tana ɗaure kayanta a buhu.

"Ke Asabe, kin yi wa mutumin nan magana kuwa?"

"Magajiya, ke kika ce ba a roƙo."

"Wannan dokar zaman lafiya ce, 'yar nan! Gida na cin wuta kina tambayar ina ɗankwalinki? Je ki buɗe baki."

Na ce to. Na fito da niyya, wallahi na fito da niyya. Amma da na ɗaga labule na gan shi zaune, sai na ji kaina ina tambayarsa ko a ƙara sukari. Na ce gobe.

Goben, rana ta shida, bai zo da safe ba. Bayan azahar ina ninke masa riguna sai aka yi sallama. Ladi ce, da sabon mayafi har ƙasa, ta durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda na koya mata.

"Yaya Asabe, sannu da aiki. An aiko ni ɗaukar akwatin Direba."

"Wa ya aiko ki?"

"Shi. Yanzun nan aka shafa fatiha."

Daga baya na ji yadda aka yi. Da hantsi ta tafi tasha, wurin da aka hana mu takawa, ta same shi a gindin motarsa a gaban 'yan kamasho da masu lodi. Ta ce masa, "Direba, gobe za a kore ni, ba ni da inda za ni. Kana da marayu ba mai riƙe maka, ni kuma ina da hannu biyu. In Yaya Asabe ta riga ni, na haƙura. In ba ta riga ni ba, ka aure ni." Aka ce ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya aika a kira masa liman.

Na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado da hannuna. Na zuba rigunan da na ninke a ciki, na rufe, na taya ta ɗorawa a ka. Har na ce mata Allah Ya sa alheri, don aji bai bar ni na ce wani abu ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Da ta juya na bi ƙafarta da kallo, fason nan duk ya warke, da man da ni na ba ta.

Rana ta bakwai na sayar da rediyona na ba wani tsohon masunci, Malam Barau, ya biya sadakina. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Wata uku ina gyara kifi a bakin kogi, ƙarni ya kama hannun da ya saba da turare. Ruwa ya sauka, mutane suka ce kun gani ko. Da kaka ta yi ya cika alkawari ya sallame ni.

Na koma bayan tasha na tarar ba gida. Magajiya ta tafi garinsu ba ta dawo ba, an mai da ɗakunan wurin ajiye buhuna. Sana'ar kuwa ba ta mutu ba, ƙaura kawai ta yi zuwa wani otal a bayan gari, can gaba da gada, na wani mutum da ban taɓa ganin ya yi dariya ba. Maza ba su ragu ba ko ɗaya, kuɗi ma sun fi na da yawa, don lokacin ne ma'aikata suka sami ƙarin albashi kowa ya sayi babur. Sai dai kafin kuɗin su iso hannunki sun bi ta hannu uku: mai otal, kawali, da mai kakin da ake toshe wa baki. Ba zaure, ba mai karɓar wuƙa, ba ikon cewa yau ba na jin daɗi. Na ga wadda aka fasa wa baki ta zauna tana gasa shi da tsumma, don in ta kai ƙara ita za a fara kamawa. Shekara uku na daure a wurin, ina ta ƙoƙarin ba mutane goro suna kallona kamar mahaukaciya. Daga nan na sayi kibiya da mataji na kama kitso. Wannan shi ne zaman da kuke cewa ba wuya.

Tanko kuwa kuɗin fetur suka bi shi har gida. Mota ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama shida. Ya zama Alhaji, Ladi ta zama Hajiya, ta dawo da haƙorin Makka a gefen wushiryar nan. Ta riƙe masa marayu, ta haifa masa bakwai, ya gina mata bene a bakin titi. Duk ranar da na wuce sai na ƙirga tagogin, ban san me ya sa ba. Goma sha huɗu ne.

Sau ɗaya muka yi magana da shi bayan nan, shekaru da yawa, ya tsufa yana dogara sanda. A kasuwa ne ranar Juma'a, wajen masu goro. Muka gaisa kamar baƙi. Har na juya sai ya ce, "Asabe." Na tsaya.

"Kwana uku na yi da ƙafata a cikin ruwanki ina jira ki ce kina so. Shekara huɗu ba ki taɓa neman komai a wajena ba. Na ɗauka ba kya bukatata ne."

Na ce masa, "Allah Ya riga Ya rubuta, Alhaji." Ko a ranar ban iya faɗa masa ba. Bai shekara ba ya rasu.

Hajiya Ladi tana nan da ranta. Duk ƙarshen wata takan aiko mota a ɗauke ni in je in yi mata kitso, wai ba ta yarda da hannun kowa ba sai nawa. A falonta akwatin ƙarfen nan yake, an shimfiɗa masa kyalle an ɗora hoton Alhaji a kai. In baƙi suka shigo sai ta nuna ni ta ce, "Wannan Yayata ce, ita ta koya min komai." Sannan ta kwantar da kanta a cinyata, furfura fal, in raba gashin da kibiya in fara kamawa.

"Wash, Yaya Asabe, har yanzu hannunki da zafi."

"Haka kitso mai kyau yake, Hajiya," in ce mata. In ƙara ja.